Ƙaryar Da Na Yi Wa Malamar Asibiti

Abubuwa da yawa sun shige mini, amma ranar da na yi wa malamar asibiti ƙarya a kan 'yata ta fari ba za ta taɓa fita daga raina ba.

Lokacin tana da shekara takwas. Yarinya ce mai yawan laulayi, yau mura, gobe zazzaɓi. In ta dawo daga makaranta sai ta zube a tabarma, ko abinci ba ta nema. Ni kuma ga goyo, ga surfe, ga ɓarar masarar da aka jibge mana a tsakar gida a Likoro. Ran nan dai na daure muka hau mashin zuwa wani ƙaramin asibiti a Kudan.

Malamar ta duba idonta da tafin hannunta, sannan ta juyo gare ni.

"Maman yarinya, da tana jaririya wata nawa ta sha nono zalla?"

"Wata shida, Malama."

Haka kawai bakina ya faɗa, ita kuma ta rubuta. Alhali ko arba'in ban yi ba nonona ya kumbura ya tara mugunya, na kwanta sati uku ban san inda kaina yake ba. Uwar mijina ce ta karɓi jaririyar, ta riƙa ɗura mata madarar shanu da ruwan koko a cokali. Da na tashi, nono ya ƙafe. Shekara takwas ina jin kunyar wannan kamar ni na zaɓa.

Malamar ta ci gaba da bayani tana rubutu. Ta ce jikin mutum kullum yana fama da wani abu mai kama da tsatsa a ciki, yana kuma da abin da yake kare kansa da shi, kuma nonon uwa na cikin abin da ke taimakon jariri tun farko. "Tunda ta sha wata shida, ta nan ba matsala," in ji ta.

Na koma gida da maganar a ƙirjina. Kwana biyu ina ɓarar masara, hannuna na aiki, hankalina na kan takardar nan. A na uku na bar goyon wajen maƙwabciya na koma asibitin.

"Malama, gyara na zo yi. Kwana talatin da 'yan kai ta sha."

Ba ta yi mini faɗa ba. Ta jawo takardar ta soke, ta sake rubutawa.

"Ni na jawo mata ke nan?"

"Ba wanda zai iya ce miki haka, Yaya. Masana ma har yanzu suna kan duba yadda abincin jariri ke bin sa har ya girma. Gwajin da muka yi mata ran nan ƙarancin jini ya nuna, da tsutsar ciki. Ki ba ta magani, ki yawaita mata zogale da wake da gwanda. Wadda ta riƙe ta a lokacin kuma, ceton ranta ta yi."

A bencin ƙofar asibitin na zauna na yi kuka, ba don komai ba sai don gajiya.

Yarinyar ta samu sauƙi a hankali, duk da har yau ba mai ƙarfin jiki ba ce, kuma ban san dalili ba. Abin da na koya shi ne, in mai magani ya tambaye ka yadda aka yi, ka faɗa yadda aka yi. Kunyar uwa ba ta warkar da ɗa.