Zanen Yaya da Makullin Maigida

Yayana ya shekara goma sha tara yana zana tambari da allunan shaguna a wani gidan ɗab'i, cikin ɗan ɗakin da ko taga babu. Mai Zane ake ce masa. Hannunsa ya faɗa ƙwarai, bakin ne dai babu. Ko ka taka masa ƙafa, shi zai ba ka haƙuri.

Tun ranar da ya fara aiki Maigida, mai gidan ɗab'in, ya kafa masa doka: duk abin da ya zana, ya adana shi yadda manhajar gidan take adanawa, kada ya mayar da shi hoto, wai hoto yana kashe kyan layi. Manhajar kuwa ta tsufa, masu yinta ma sun daina, kuma ba ta tashi sai an cusa wa tsohuwar kwamfutar wani ɗan makulli mai kama da filashi. Makullin nan a aljihun Maigida yake kwana.

Bara wani sabon kamfani ya nemi mai zane, suka ce Yaya ya kawo ayyukansa ranar Litinin su gani. Ya kwafe su a filashi a ɓoye, ya zo shagona inda nake buga wa mutane takardu. Muka danna, kwamfuta ta ce ba ta san irin wannan fayil ba. Na canza wutsiyar sunan fayil ɗin zuwa ta hoto, ta nuna mana baƙin allo. Na sauko da manhajojin sauya fayil har uku. Biyu suka ƙi, ta ukun ta fito da wani zaki da ya zana ba ido ba gashi, rubutun ƙasansa duk ya koma 'yan akwatuna.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Yaya, hanya ɗaya ce. A tsohuwar kwamfutar za ka buɗe su ka mayar da su hoto. Ka faɗa wa Maigida gaskiya, ai ba igiya ya ɗaura maka ba."

Ya yi ta murza hularsa. Ranar Asabar na tasa shi gaba muka tafi, don na san hali.

Na shirya rigima, sai Maigida ya ba ni kunya. Ya ji bayani, ya zaro makulli ya miƙa, ya jawo kujera ya zauna gefen Yaya. Kwamfutar tana nishi, kowane zane sai ya ci minti goma kafin ya buɗe, kuma duk wanda ya fito sai tsohon ya matso da tabarau. "Wannan ranar da aka haifi 'yarka ka yi shi. Wannan na mai kantin nan ne, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa har yanzu suna zuwa a sake buga musu."

A zane na takwas Maigida ya ce, "Ni fa ban taɓa iya buɗe su ba. Makullin kawai nake riƙewa. In ka tafi, wa zai buɗe wa mutanen nan?"

Na harari Yaya, ya ƙi kallona. Ya zare filashinsa, ya zare makullin, ya mayar wa Maigida da hannu biyu.

Ranar Litinin na kira shi da ƙarfe tara. Ya ɗauka, ina jin ƙarar injin ɗab'i a bayansa. Ya ce, "Ƙanwata, bari zan kira ki, akwai mutane suna jira."