Soso Huɗu a Kujerar Kishingiɗe

Kafin a san shi da Kishingiɗe, kafintan rufi ne. Shekara goma sha tara yana bisa gidajen mutane, ƙusa a baki, guduma a ƙugu, har ranar da wani ruɓaɓɓen katako ya karye da shi. Ya warke, ya taka, amma baya ya ƙi sunkuyo. Keken da yake hawa tun yana saurayi ya gagare shi, minti biyar a kan sirdi sai ka ji yana salati.

Yayansa mai walda ne. Suka yanka matattun kekuna biyu suka tayar da ɗaya: kujera mai majingina can ƙasa, feda a gaba, sarƙa uku aka haɗa ta zama guda. Ranar da ya fara fita, mai facin bakin titi ya ce, "Malam, tafiya kake ko kishingiɗa?" Sunan ya bi shi ke nan.

Keken ne ya samo masa aiki. Kullum da safe yakan ɗauki kwalaben jini a akwatin sanyi daga asibitin unguwa, ya kai ɗakin gwaji na babban asibiti, can kan tudu. A shimfiɗaɗɗiyar hanya babu mai kamo shi. Hawa ne abin ji. Mai keken tsaye yakan miƙe ya taka da nauyinsa, shi kuwa sai dai ya tokare baya da kujera ya tura. Haka ya yi shekara guda bai makara ba, sai kwatsam tudun ya fara yi masa tsawo.

Shugabar ɗakin gwajin ba ta iya kwana-kwana ba. "Baba, jini ba ya jira. Tara nake rufe karɓa, kuma sau uku ke nan ka makara a makon nan. Litinin in ka wuce tara, mai babur za a ba."

"Ranki ya daɗe, ƙafata lafiya lau. Keken ne ke son magana, zan kuwa yi masa."

Asabar shi da Yaya suka wuni a shagon walda. Suka cire murfin taya, da jak, har da ƙararrawa. Suka sa siraran tayoyi, suka canja giyar baya da mai manyan haƙora.

"Saura kai," in ji Yaya. "Wannan tumbin ma a kwance shi."

"Da kuɗina na tara shi, Yaya. Miƙo sufana."

Lahadi da hantsi suka je gwaji. Yaya ya tsaya a kwanar tankin ruwa, inda hawan ya fi tsanani. Kishingiɗe ya taho, ƙafa na juyawa, gumi na zuba, keke na rarrafe. Yaya ya bi shi da ƙafa, bai ko ɗaga sauri ba.

"Ƙane, tsaya. Kai fa nutsewa kake. Duk takun da ka yi sai ka shige cikin kujera."

Kishingiɗe ya sauka, ya danna majinginar da hannu, hannu ya lume. Ya zuge rigar kujerar. Shi dai soso ɗaya ya san ya sa. Ga wasu nan kala-kala, an yanka su daidai, an kama su da zare. Ya san ɗinkin nan ko a mafarki.

Matarsa ɗinkin matasan kujera take yi a zauren gida. Tun daga ƙofa yake jin keken ɗinkinta.

"Maman 'yan biyu, wa ya yi wa kujerata ƙiba?"

Keken ɗinki ya yi shiru. "Wace irin ƙiba?"

"Soso uku na gani."

"Huɗu ne. Ba ka duba ƙasa ba." Ta ciji zare ta tofar. "Kullum sai ka dafa bango kafin ka miƙe, kana nishi kamar tsohuwar ƙofa. Ni kurma ce? Duk mako na ƙara ɗaya, ka ce uffan?"

"Ai ƙarfin da nake turawa, soson naki ke cinyewa. Litinin fa za a karɓe aikin."

"To cire su. In bayan ya tashi kuma, kada ka kira ni da man shafawa."

"Ba cirewa kawai ba. Ɗauko tef ɗinki."

Ya cire riga ya zauna a kan benci. Ta auna bayan nan kamar za ta ɗinka masa riga, daga kafaɗa har ƙugu, yana zana lanƙwasar a jikin kwali. Da ta zo wani gurbi sama da ƙugu ta danna da yatsa, ya zabura.

"Nan ne," ta ce. "Nan kaɗai. Sauran duk raki ne."

Kafinta bai manta hannunsa ba. Kafin la'asar ya feƙe katakon majingina, ya bi shatar bayansa kamar an zuba. Ita kuma ta yanko soso mai tauri, faɗin tafin hannu, ta ɗinke shi daidai gurbin ciwon.

Litinin, a gindin tudu, ya sauke giya tun kafin ƙafa ta nema. Ya tokara, katako ya tsaya masa, keke ya zabura. A kwanar tanki ya wuce wani mai keken tsaye da ke haki, har da yi masa sannu da aiki.

Mai babur ɗin da aka kira yana zaune a bakin ɗakin gwaji, hular kwano a cinya. Shugabar ta dubi agogon bango, tara saura minti ashirin da biyu. Ta buɗe akwatin, ta ƙirga kwalabe, ta sa hannu a takarda, sannan ta leƙa waje.

"Ɗan'uwa, yi haƙuri, je ka abinka. Baba, gobe ma haka."

"Gobe sai dai ki sa a buɗe ƙofa da wuri, 'yata."