Gardin Da Kura Ba Ta Cinye Ba

Duk shekara, da an gama yankan hatsi, mahaifiyarmu takan tura mu Tsibiri wurin uwarta, ni da yayyena mata uku. A Sabon Gari muke zaune cikin Maraɗi, tafiyar ba wata mai nisa ba ce, amma a wurinmu kamar an ƙetare ƙasa take. Kaka kawai muke ce wa tsohuwar. Gidanta dangar kara ce da ɗaki guda da rumbu biyu, ba ta da komai da za a yi wa ƙyashi, amma yaran unguwar duka nan suke taruwa.

Da an idar da magariba takan hura wuta da karan gero a tsakar gida, ta binne gyaɗa cikin toka mai zafi, ta zauna a kan wani tsohon turmi da aka kwantar. Hasken wutar yakan fito da zanen Gobirawa da ke kumatunta. Sai ta ce, "Ku matso, ga wata nan tahe. Wanda ya yi barci ta wuce shi, ba ruwana." Labaranta yawanci na dabbobi ne da 'yan mata masu zuwa ɗiban ruwa, tana yi tana sake murya, tana waƙa muna amsawa. Kafin a kira isha an gama, mun cinye gyaɗar, bakinmu duk baƙi.

Akwai labari guda da ba dabba a cikinsa, ba waƙa. Sau ɗaya take yin sa a kowane zuwa, kuma in za ta fara ba ta kallonmu, wutar take kallo.

"Da anka ƙare yaƙin Nasara," in ji ta, "sojin da sunka tahi sunka dawo da manyan takalma. Garin nan naku na Maraɗi da can ƙasa yake, bakin gulbi. Ruwa ya zo ya ci gari, kumandan, Banasaren da ke mulkin gari, ya ce kowa ya hau tudu."

Ta ce a lokacin gari ya fara cika da baƙi, ga cinikin gyaɗa, ga manyan motoci, ga sabbin tituna da aka ja a miƙe. Nasara suna neman masu tsare musu wannan sabon gari, sai suka ɗebi tsofaffin sojin nan suka ba su kaki da jar hula da bulala. Su ake kira gardi. Ba su yi lakwal ba, wato makarantar boko, amma sun tsinto 'yan kalmomin Faransanci a bariki, waɗanda suka isa a tsawata wa mutum da su.

A cikinsu akwai wani saurayi, marayan uwa. Wata maƙwabciyarsu ce ta shayar da shi tare da ɗanta, ta goya shi har ya yi wayo. Bayan ambaliyar, wannan mata tana cikin 'yan kaɗan da suka ƙi hawa tudu. Ɗakinta na soro bai faɗi ba, ga mijinta da 'ya'yanta biyu a kwance a maƙabartar da ke bayan gidan, ta ce ba inda za ta. Aka turo gardawa su fitar da sauran mutanen, saurayin nan yana cikinsu, shugabansu yana tsaye a kan doki yana kallo.

Da ta gan shi sai ta yi murna, ta fito da ƙwaryar ruwa. Ta ce, "Nomau, kai anka turo? To alhamdu lillahi." Nomau sunansa ne na yarinta, don da damina aka haife shi, kuma ba wanda ya san shi da shi a bariki. Sauran gardawan suka fashe da dariya. Shi kuwa sai ya ɗaure fuska, ya daka mata tsawa da Faransanci. Ta ƙara matsowa, tana tsammanin bai gane ta ba ne. Ya sa bulala ya kaɗe ƙwaryar, bakin bulalar ya same ta a wuyan hannu. Kafin la'asar sun yaye rufin ɗakin. Ta ɗaure 'yan kayanta, ba ta hau tudun ba, ta bi hanya har Jiratawa wurin ƙanenta.

"Ya ce gobe zai tahi ya ba ta haƙuri," in ji Kaka. "Gobe ta yi, aiki ya hana. Ya ce sai an gama cinikin gyaɗa. Ran da ya tahi, ya iske kwana uku da rufe ta."

A nan Kaka take tsayawa. Mu kuwa sai mu yi ta jira. Babbar yayata ta taɓa tambaya, "Kaka, sai kura ta cinye shi a hanya?"

"Ba abin da ya cinye shi. Ya dawo gida ya ci tuwonshi. Anka ƙara mishi girma, ya yi ɗiya, ya tsufa, mutane na gaishe shi."

"To ai wannan ba tatsuniya ba ce," in ji ni.

"Iyakar abin da na sani ke nan. Ku tashi ku yi alwala."

Mun tsani labarin nan. Da rana ma wasan gardi muke yi da 'yan unguwa, ni nake zama shugaba, don kowa ya san kakana na wurin uwa, mijin Kaka, Sarjan Mamman ne. Ban tashi na tarar da shi ba, amma hotonsa yana rataye a ɗakin mahaifiyata, da kaki da lambobin yaƙi a ƙirji. Ya fara da gardi, da aka buɗe komisariya, wato ofishin 'yan sanda, aka mayar da shi ɗan sanda, ya yi aiki har bayan tafiyar Nasara. Saboda hoton nan na shiga aikin. A makarantar 'yan sanda, da aka zo koya mana tarihin aikin, yadda tsofaffin soji suka kafa shi bayan yaƙi suka kawo tsari a manyan garuruwa, har hannu na ɗaga na ce kakana yana cikinsu. Kaka ta rasu kafin in sa kaki.

Na yi shekaru a wasu garuruwa kafin a dawo da ni Maraɗi, a sa ni tsaron hanya. Lokacin 'yan kabu-kabu, masu haya da moto, wato babur, sun cika gari. Wata safiya aka fitar da mu kama duk moton da ba shi da takardu, a wata mararraba kusa da unguwarmu. Birgadiye, shugabanmu, ya ja mana kunne tun a komisariya. Ya ce ya san mu 'yan gari, kowa ɗan uwanmu ne, duk wanda ya ga ya saki wani don sanayya zai rubuta sunansa. Ni kuwa a shekarar nake sa ran galo, alamar ƙarin girma.

Wajen hantsi sai ga Baba Ila. Mutumin Jiratawa ne, manomin garka, wato lambu, aminin mahaifina. Tun ina ɗan shekara bakwai mahaifina ya rasu, kuma tun daga lokacin duk Juma'a Baba Ila yakan tsaya a zaurenmu da ɗaurin zogale, ya tambayi lafiyar kowa ɗaya bayan ɗaya kafin ya wuce masallaci. Da na karye a hannu shi ya ɗauke ni a keke ya kai ni wurin maɗori. Ranar yana kan wani tsohon moto, ya ɗaura buhun zogale da kwandon tumatir a baya.

Ni na tsayar da shi, ban gane shi ba sai da ya cire rawanin da ya rufe baki da shi. Ya yi murmushi ya ce, "Tanko, kai ne? An ce an dawo da kai, ban samu na zo ba."

Tanko ake ce mini a gida, don bayan mata aka haife ni. Wani abokin aikina ya maimaita sunan yana dariya. Na ɗaga kai na ga birgadiye yana kallona. Sai na ji bakina yana tambayar Baba Ila takardu da Faransanci. Na san ba ya jin ko kalma guda. Ya dube ni, ya ce, "Mi ka ce, ɗana?" Na sake faɗi da ƙarfi, na zare makullin. Ya riƙe kan moton, yana cewa in bari ya sauke kayan tukuna. Na ture hannunsa. Moton ya kife, ya bi shi, kwandon ya fashe a kan kwalta.

Ya durƙusa yana tsince tumatir ɗin, motoci suna bi ta kan saura. 'Yan kabu-kabun da muka tare suka taya shi. Bai ƙara kallona ba, ni ma na juya na tsayar da wani.

Kafin in tashi aiki labari ya riga ni gida. Mahaifiyata ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye mini abinci, ta zauna a gefen tabarma, abin da ba ta saba yi ba.

Ta ce, "Ka tuna gardin da Kaka ke ba ku labari?"

Na ce na tuna.

"Babana ne. Nomau ake ce mishi yana yaro."

Na kasa cin abincin. Ta ci gaba, muryarta a kwance. Ta ce akwai abin da Kaka ba ta taɓa saka wa a labarin ba. Azarorin da aka cire daga ɗakin matar nan na giginya ne masu kyau, gardawa suka raba. Lokacin Kaka amarya ce, ana gina musu ɗaki a tudu, da rabon mijinta aka rufa shi. Ta san daga inda suka fito, ta yi shiru, don tana son ɗakin soro kamar na matan attajirai. "A ɗakin aka haife ni," in ji mahaifiyata. "Kaka ta ce ba ta taɓa kwanciya rigingine a cikinshi ba, don kada ta ga azarorin. Ran da ta fita takaba ta kwashe kayanta ta koma Tsibiri. Mun yi, mun yi, ta ce ɗakin kara ya ishe ta."

Na ce, "Inna, me ya sa ba ku taɓa gaya mana ba?"

"Ta gaya muku. Duk shekara."

Ina so in ce washegari na tafi Jiratawa. Ban tafi ba. Na ce sai na fitar da moton daga komisariya tukuna, na fitar da shi na ce sai ranar hutu, ranar hutu ta zo na ce kaina yana ciwo. Kwana tara na yi. A na goma mahaifiyata ta ɗauki mayafinta ta ce in ba zan je ba ita za ta je, shi ne na tuɓe kaki na hau moton nasa na kama hanya.

Na same shi a garka yana ban ruwa, gwiwarsa ɗaure da tsumma. Na durƙusa a cikin laka na gaishe shi. Ya amsa, ya tambayi mahaifiyata da yayyena da sunayensu kamar yadda ya saba. Na fara ba da haƙuri, ina kawo maganar birgadiye, ya ɗaga hannu.

Ya ce, "Turin bai dame ni ba. Sau nawa aka ture ni a kasuwa. Nasarancin nan ne ya tsaya mini. Ubanka hannunshi na cikin nawa ya cika, ya ce in riƙa duba ku. Na dawo gida ina ta tunani, ko na yi sakaci ne wani wuri."

Ya ce ya yafe, duniya da lahira, ya sa aka yanko mini zogale. Na san da gaske ya yafe, don ba mutum ne mai magana biyu ba. Amma bai sake zama a zaurenmu ba. Zogalen yana zuwa duk Juma'a, sai dai a hannun wani. In mun haɗu a gari yakan sauka daga moto ya gaishe ni da "ranka ya daɗe", yadda ake gai da hukuma. Na roƙe shi ya daina, ya ce ai girman aiki ne.

Galon ya zo a ƙarshen shekarar. Wani ma ya biyo bayansa. Yanzu saura kaɗan in ajiye aiki, kuma duk wanda ya buɗe takarduna ba zai ga tabo ko ɗaya ba.

Na daɗe ina tunanin abin da Kaka take nufi da labarin nan. Muna yara mun so a hukunta gardin don mu kwanta da sanyin zuciya, mu ce mugu daban yake da mu. Ita kuwa ta san mutumin. Ta san ba mugu ba ne, yana sallah, yana son 'ya'yansa, dariyar abokan aiki ce kawai ya kasa ɗauka na minti guda. Ta san kuma babu abin da ke samun irinmu. Kakin yana rufe mutum, gari ya ci gaba da gaishe shi, ba mai tuna masa sai kansa. Ina jin ba don ta tona asirin mijinta take faɗi ba. Nata take faɗi, ga yaran da ba za su gane ba, don ba ta da wani wurin da za ta kai shi. Na ji gargaɗin nan sau bakwai ko takwas da kunnena, ina cin gyaɗa, kuma da ranar ta zo ko tunawa da shi ban yi ba.

Bara Baba Ila ya rasu. Daga wurin aiki na wuce Jiratawa, ban tsaya na sake kaya ba. Da na isa wurin zaman makoki, 'ya'yansa suka ga kaki da galo, aka ce manya sun zo. Aka tashi wani tsoho, sa'an marigayin, daga kan kujera guda da ke wurin, aka kawo mini ita. Tsohon ya koma ƙasa yana cewa bismillah, ranka ya daɗe. Na duba, duk idanu suna kaina, ana jira. Na zauna.