Inuwar Dajin Gwamnati

Majalisa na hutu, amma ga wani ɗan kwamitin muhalli, gajere mai furfura, zaune dirshan kan tabarma a fili fetal bayan tasharmu, inda gwamnati ta ce ta dasa daji. Da ganinsa, ko matarsa ta daina yi masa gardama. Rana ta take. Daraktan muhalli na tsaye, gumi ya jiƙa kwat ɗinsa.

"Ranka ya daɗe, mu koma ofis, rahoton na can."

"Na karanta, Darakta. Ya ce akwai inuwa. Zauna mu sha."

Daraktan na zama, sai ga akuya tana cinye tsiro ɗaya tilo a filin. Ya zabura zai kore ta.

"Ƙyale ta," in ji dattijon. "Ita kaɗai ce shaidarka."