Mai Lemun Tsami a Tashar Matameye

Motar Damagaram ta uku ke nan tana cika, matar nan ba ta shiga ba. Tana tsaye nesa da mai tuyar ƙosai, hannun hagu ya dunƙule baƙar leda wadda babu komai cikinta. A dama kuma lemun tsami ne, tana karce shi da farce tana shinshinawa.

"Baiwar Allah, saura mutum guda!" in ji ɗan kamasho.

"Sai in gefen taga ne," ta ce.

Da gani, da gangan ta ƙi karya kumallo. Kuma ba ta yi kama da marar lafiya ba. Amai take tsoro, ya taso mata a tsakiyar mutane, a tsayar da mota dominta, kowa ya toshe hanci.

Wata tsohuwa ta dubi lemun, ta yi murmushi. "Na fari ne? Allah ya raba lafiya, ɗiyata."

Matar ta buɗe baki za ta gyara, sai ta fasa. Mai ciki akan matsa mata a ba ta taga. Mai tsoro kuwa dariya ake mata.

"Amin, Inna," ta ce.