Kwalaben Inna Mai Nono

A shekarar da na fara binciken digirina na biyu, mahaifiyata ta daina gaya wa mutane ainihin abin da nake karantawa. Da can takan ce likita zan zama. Da ta lura ba na duba kowa, ko maganin ciwon kai ba na rubutawa, sai ta koma cewa, "Tana can tana kiwon cuta." Ban taɓa musa mata ba, don gaskiya ta faɗa. Aikina shi ne in samo ƙwayoyin cuta, in ba su abinci, in sa su a ɗumi, in yi ta lallaɓa su har su yi yawan da ido zai gan su.

Wadda nake nema ita ce mai sa shanu ɓari. In ta bi ɗanyar madara ta shiga jikin mutum, sai ta sa masa zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, a yi ta ɗirka masa maganin zazzaɓin cizon sauro a banza. Malamin da ke duba aikina dattijo ne marar yawan magana. Wata huɗu ya ba ni in kawo sakamako, in ban kawo ba sai in jira wata shekarar. Ni kuwa na riga na gaji da zama ɗaliba, ƙannena biyu duk sun kama aiki sun bar ni da jakar littattafai.

Malam ya ce in riƙa zuwa ruga da kaina ina tsayawa a tatsa a gabana. Na ce to. Amma a raina na ce ina dalili, ga hanya mai sauƙi har ƙofar gida. Akwai wata Bafulatana da ke kawo mana nono gidanmu na Gobarau tun ina goye, kullum sai ta biya ta wajenmu kafin ta wuce Babbar Kasuwa. Kowa Inna yake ce mata. Doguwa ce, siririya, tana sauke ƙwarya daga kai ba tare da ta katse gaisuwa ba. Ita na damƙa wa kwalabena da na gasa a tukunyar ɗakin gwaji, da kula cike da ƙanƙara. Na nuna mata alamar da na yi wa kowace kwalba, saniya ɗaya kwalba ɗaya. Don ta ɗauki abin da muhimmanci har na ƙara gishiri, na ce jami'a za a kai, manyan malamai ne za su zauna su duba madarar shanunta.

Ta dafe ƙirji ta ce, "Manyan malamai? To ɗiyata, in sha Allahu ba ki jin kunya."

Duk Litinin da Alhamis take kawowa. Galibi na riga na fita, sai Mama ta karɓa ta sa a firji, in dawo da hantsi in ɗebi abin da nake buƙata, ragowar in bar ta a gida a zubar. A ɗakin gwaji in shafa madarar a kan 'yan farantan gilashi masu murfi, waɗanda aka zuba wa abincin ƙwayoyin ya daskare kamar romon ganda da ya huce. In jera su a akwatin ɗumi, in yi bisimilla in rufe.

Mako na farko ban ga komai ba. Na biyu ma haka. Farantan nan fes, sai fuskata nake gani a ciki, ita ma ba annuri. Na zargi akwatin ɗumin, na zargi masu ɗauke wuta, na sake haɗa abincin har sau uku. Na yi faɗa da mai kula da ɗakin gwajin a kan wai ya taɓa mini kaya, bawan Allah ko kusa da su bai je ba. Har yanzu in na tuna sai kunya ta kama ni. Kular ma ta sha zagi, don kullum ƙanƙarar ciki a narke take dawowa.

A mako na shida Malam ya ɗaga faranti ɗaya ya duba ta taga, ya ajiye.

Ya ce, "Ko wadda kike nema ba ta fito ba, ai wata ta fito. Madarar da aka tatsa da hannu a tsakiyar garke ba ta zuwa haka. Ko dai ba madara kike shafawa ba, ko kuma ba ki iya aikin ba."

Na fito ina haɗiye kuka. A mota na yi ta lissafin makonnin da suka rage, kowane lissafi sai ya fito mini da ƙarin shekara.

Na iso gida na tarar da Mama a tsakar gida tana shan shayi fari sol. Mun kwana biyu ba madarar gari a gidan, na sani sarai. Na tambaye ta inda ta samu. Ta kau da kai ta ce ragowar ta kwalabena ce. Wato duk gargaɗin da na yi cewa a zubar, kada kowa ya kusance ta, ta bayan kunnenta ya bi. Mama ba ta zubar da abinci, ko da kuwa sunansa guba.

Na daka tsalle na ce, "Mama, ɗanyar madara ce fa! Cuta nake nema a ciki!"

Ta kurɓa abinta ta ce, "Wace ɗanya? Ke dai da karatunki. Wagga ai dahwahwa ce, tun ran hwarko. Ba ki jin ƙamshin wuta? Ko ta kwana ba ta tsinkewa."

Na buɗe kwalba na sansana. Ƙamshin hayaƙin kara ne ƙarara. Mako shida ina da madubin likita da akwatin ɗumi da takardun turawa tuli, ban taɓa kai hancina bakin kwalbar nan ba. Na zauna a kan turmi na rasa dariya zan yi ko ihu, Mama kuwa ta zaɓar wa kanta dariya, har da share hawaye da bakin mayafi.

Ranar Alhamis na ƙi fita, na tsaya jiran Inna. Na so in tare ta tun daga zaure, amma ba a yi wa Inna haka. Sai da muka gaisa, aka tambayi gida da shanu da gajiya da hanya, ta sha ruwa, sannan na ce, "Inna, dafa madarar nan kike yi?"

Ta dube ni kamar na tambaye ta ko tana salla. "To mi zan yi? Ke da bakinki kika ce manyan malamai. In aika ma manya ɗanyar madara, da gashin saniya a ciki, su ce ɗiyar wa ta kawo wanga? Sai na tace ta da sabon ƙyalle, in tahwasa ta sau biyu, in zuba da zahinta. Itace na musamman nike aje mata."

Ashe abin da ke narkar mini da ƙanƙara ke nan. Duk fushin da na tanada ya bi iska, don mutuncina take karewa da itacenta da lokacinta. Na yi ta bayani cewa dattin nake so, gashin ma in akwai a bar mini. Ta juya wajen Mama ta ce, "Hajiya, anya karatun nan bai taɓa ta ba?"

Mama ta ce, "Mu ma haƙuri muke."

Asabar tun da sassafe na bi ta rugarsu, can bayan gari, abin da ya kamata in yi tun farko. Na je da farar riga da safar hannu, mata suka fito kallo. Wata saniya ta share ni da wutsiya a fuska, na taka kashin shanu har idon sawu, yara suka yi ta ƙyaƙyata dariya. Inna na tatsa ina tara kwalba, tana yi tana gunaguni wai na zubar mata da girma. A gindin bukkarta na ga autarta kwance a tabarma da rana tsaka, lulluɓe da zane, budurwa ce amma duk ta rame. Inna ta ce zazzaɓi ne, wata uku ke nan, in ya tafi sai ya dawo, sun sha allura har sun gaji. Na yi mata sannu.

Bayan kwana biyu farantaina suka cika, fari da rawaya, abin gwanin ban sha'awa. Ban taɓa murnar ganin ƙazanta irin ta ranar ba, har mai kula da ɗakin na saya wa lemo na ba shi haƙuri. A kwana na biyar wasu 'yan ɗigo ƙanana masu sheƙi suka fito a farantan shanu biyu. Malam ya duba, ya ce kada in sake buɗewa, ya naɗe su da kansa ya aika babban ɗakin gwaji. Sakamako ya dawo, ita ce wadda nake nema. Ya ce, "Yanzu kin fara aiki." A wajensa wannan kirari ne. Na san shekarata ta tsira.

Amma murnar ba ta kai ni gida ba, don akwai wadda zan gaya wa. Washegari na koma ruga da takardar da Malam ya rubuta a kai yarinyar asibiti a yi mata gwajin jini. Na zauna da Inna a inuwa na gaya mata cutar tana da magani, likitan dabbobi kuma zai zo ya ga shanun nan biyu. Ta saurara ba ta katse ni ba. Sannan ta tambayi yadda za su tsare sauran yaran.

Na ce, "Abin da kike yi wa kwalabena, Inna. A tafasa kafin a sha. Wuta tana kashe ta."

Ta dubi bukkar da yarinyar ke kwance.

Ta ce, "Shi ke nan? Tahwasawa kawai?"

Na ce shi ke nan.

Ta ce, "Mako shida ina hura wuta don mutanen da ban taɓa gani ba. Ita kuwa da ɗuminta nike ba ta daga hantsa, wai don ta yi ƙarhi."

Ta miƙe, ta ɗauko tukunya.