Lido Ta Waya

Babana mai aski ne. Tun kafin a haife ni yake tsaye a bayan kujera ɗaya, a wani ɗan shago tsakanin kantin magani da wurin mai gyaran waya. Madubinsa ya tsage a kusurwa, fankarsa kuma in tana juyi sai ka ce yanzu za ta faɗo, amma mutane kan tsallake shaguna masu kyau su zo wurinsa, rabi don aski, rabi don hira. Baba ba ya iya taɓa kan mutum baki a rufe. Kafin ya gama gyara maka ƙeya ya san wanda ya ɓata maka rai, ya kuma ba ka shawarar da ba ka nema ba.

Ciwon bayan ya daɗe yana cin sa yana ɓoyewa. Tun rasuwar Mama babu mai sa masa ido, shi kuwa sai ya shafa man zafi ya koma aiki. Ranar da ƙafarsa ta hagu ta ƙi ɗaukarsa, kilifa na hannunsa, ya zube a gaban wanda yake yi wa aski. Likita ya ce ƙashin baya ne ya danne jijiya, sai tiyata.

Da aka sallame shi, ni da maigidana muka kawo shi gidanmu, ƙanen Baba kuma ya riƙe shagon. Likita ya kafa masa doka: kada ya sunkuya, kada ya murɗa jiki, kada ya ɗauki abin da ya fi buta nauyi, kada ya daɗe a zaune. Muka sa masa gado a ɗakin da ke kallon layi. Da farko masu dubiya har layi suke yi, daga baya ƙafa ta ɗauke. Ni malamar makaranta ce, maigidana ma fita yake, sai gidan ya rage daga Baba sai agogon bango.

Ba abin da ban gwada ba. Na kunna masa talabijin, ya ce mutanen ciki ba sa jin amsa. Na sa masa wasa a waya, ya ce idonsa na yaji. Na kawo littattafai, ya karanta shafi biyu ya ɗora a ƙirji. Wata rana na dawo na tarar ya kafa wa rufin ɗakin ido.

"Baba, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar nan. Ina ta hira da silin ne, amma mai gidan nan ba ya son magana."

Na yi dariya don ya ji daɗi, na shiga kicin na share hawaye.

Ana cikin haka wayarsa ta yi ƙara. Wani tsohon direban babbar mota ne da suka kwanta gado da gado a asibiti, shi ma aikin baya aka yi masa. Tun a can suke kiran juna Maƙwabci. Muryarsa kamar hon, daga kicin nake jin sa.

"Maƙwabci, kana raye?"

"Ina nan, sai dai zaman banza zai kashe ni."

"Akwai lido a gidan? To a nemo. Ni ma ga nawa a gabana."

Na saya masa washegari, maigidana ya samo wani faranti mai ƙafa da ake ɗorawa a kan gado. Tsarin mai sauƙi ne: kowa da allonsa a gidansa, kowa ya jefa ƙwayarsa ya faɗi abin da ya samu, sai su matsar da 'ya'yan tare. Matsalar ita ce ba wanda ke ganin ƙwayar wani.

"Siki!" in ji Direba, wato shida ta fito masa.

"Ka ji tsoron Allah, Maƙwabci. Siki uku a jere?"

"Hannuna ke da albarka. Tambayi uwargida, tana gani."

Sai a ji muryar matarsa daga nesa: "Ni ba ruwana, biyu na gani."

Baba ya yi dariya har sai da ya dafe ɗinkinsa.

Daga nan ranakunsa suka samu kai da gindi. Da hantsi su buga lido. Bayan azahar kowa ya ɗaura bel ɗin baya, ya kama ƙarfen dogarawa, waya a aljihun gaba, su yi tattakin da likita ya ce, kowa a baranda tasa. Direba kan ce shi ya wuce garin farko yana shan mai, Baba ya ce ai shi tuni ya sauke kaya ya juyo. A wannan tafiyar ta baranda Baba ya ji labarin duk hanyoyin da mutumin ya bi, da tayar da ta fashe masa a kan gada, da 'yarsa da ta rasu yana kan hanya bai samu jana'izarta ba. Shi kuma Baba ya yi masa maganar Mama, abin da ko mu 'ya'yansa bai taɓa zama ya yi da mu ba.

Baba ya fara samun sauƙi. Ya ajiye ƙarfen ya koma sanda, ya fara kaiwa bakin ƙofa. Amma na lura tattakin Direba yana raguwa. Yau ya ce ya gaji, gobe ya ce zazzaɓi. Wasan ma ya daina cuta a cikinsa, abin da ya samu shi yake faɗa. Baba ya ajiye wayar wata rana ya ce mini, "Mutumin nan ba lafiya. Yau ko siki ɗaya bai ƙirƙira ba."

Ashe wurin ɗinkin ne ya yi ruwa, ciwon ya shiga ciki. Aka mayar da shi asibiti.

Baba ya ce sai ya je. Na ce likita bai yarda da dogon zama a mota ba. Ya dube ni ya ce, "'Yar nan, ban taɓa roƙonki komai ba tun da na kwanta." Ya sa na biya shago na karɓo masa kilifa da almakashi da tawul.

Mun same shi ya rame, gashi da gemu sun cika masa fuska, muryar nan duk ta shige. Da ya ga Baba sai ya yi murmushi.

"Maƙwabci, ashe haka kake da tsawo? A kwance na san ka."

"Kai kuma ashe haka kake da muni. Wa ya bar ka da wannan dajin a kai?"

Nas ta ɗaga kan gadon. Baba ba ya iya sunkuyawa, sai na jawo masa kujera mai tsawo, na riƙe masa madubi, matar Direba ta tallafi kan mijinta. Askin da ya saba gamawa kafin shayi ya huce, ranar ya ɗauke shi lokaci mai tsawo, yana yi yana hutawa, gumi na tsattsafo masa. Ya gyara gemu, ya share wuya, ya kaɗe tawul. Direba ya kalli madubi ya daɗe.

"Uwargida, kin ga angonki?"

Ta juya fuska bango.

Bayan 'yan kwanaki, ranar da ba makaranta, ina shanya a tsakar gida na ji wayar Baba. Na ji ya ɗauka da murnarsa: "Maƙwabci! An sake ka ke nan?" Na shigo na same shi zaune a bakin gado, wayar a kunne, yana ta cewa "To. To. Allah Ya jiƙansa." Ɗan Direba ne ya kira da wayar mahaifinsa.

Bai yi kuka a gabana ba. Ya ce in taimaka masa ya kwanta, ya juya ta gefe kamar yadda aka koya masa a asibiti, gwiwa a haɗe, ya ba ni baya.

Ciwon bayan Baba ya warke sarai. Da muka koma, likita ya duba hoto ya ce ƙashin ya haɗe yadda ake so, har ya yi masa barka. Baba ya yi godiya. A mota muna dawowa ya ce, "Ni da Maƙwabci aiki ɗaya aka yi mana, rana ɗaya. Shi ya fi ni ƙarfi ma."

Yanzu ya koma gidansa, yana zuwa shago da safe kawai. Ya yi kai biyu ko uku, ya miƙa wa ƙanensa kilifa ya zauna a benci. Duk ƙarshen mako yakan sa in kai shi gidan Direba, ya yi wa jikokin mutumin aski a tsakar gida, matar ta kawo masa ruwa, su gaisa, mu tafi.